Yinin da A-kori-kurar Baba Ta Ƙi Tashi a Daura

Ana sallame sallar asuba muka bar Mashi, ni da Inna da ƙanwata, cikin tsohuwar a-kori-kurar da Baba ya rasu ya bari. Saƙo ne ya zo cewa jikin Kawu, yayan Inna, ya yi tsanani a ƙauyensu da ke gaba da Zango, kuma ba wanda yake ta kira sai ita. Ƙanwata ta so mu shiga motar haya, ni na hana. Kwanan nan na yi wa motar fenti, ina so dangi su ga ɗan Malam bai bar kayan ubansa sun lalace ba. In faɗi gaskiya, burga ce.

Hanya ta yi kyau. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu dama da hagu, manoma sun yi sammako da garmunan shanu. Masu babura ɗauke da awaki suna ta wuce mu, don motar Baba ba ta san gaggawa ba. Mu uku muka matsu a gaba, ƙanwata a tsakiya. Wannan zama ya yi wa Inna daidai, domin ni ne ɗan fari, kuma ita mutuniyar da ce. Tun tasowata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana son abu a wurina, sai ta dubi wani ta ce, "A gaya wa wancan."

Da hantsi muka shiga Daura. Na tsaya bakin kasuwa don kada mu je dubiya hannu rabbana. Muka karya da ƙosai da koko, ƙosan da yanzu sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Na sayi kankana biyu da lemo, na tura su da ƙarfi ƙarƙashin kujerar Inna don kada rana ta buge su a baya. Na murza makulli. Inji ya yi ta juyi, ya ƙi kamawa.

Ban damu ba, wai ni ɗan direba. Na buɗe gaban mota, na kankare kan batir, na ɗaure shi tam. Shiru. Na duba fis ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙone. Masu lodin hatsi suka taya ni turi har gaban wani masallaci, mota ta yi tari sau biyu ta sake lafewa. Inna da ƙanwata suka sauka suka zauna a inuwar darbejiya kusa da wata mai fura.

Can ƙanwata ta taso ta same ni. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce a gaya maka, wai mai motar nan in ya tsaya a kasuwa, sai ya sa hannu ƙarƙashin kujerarta kafin ya tayar."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Goronsa yake ɓoyewa a can. Ki ce wa Inna ta huta, wannan ba daka ba ne."

Ta koma ta faɗa. Na hango Inna ta gyara mayafi ta sunkuyar da kai. Ba ta sake aiko da wata magana ba, don uwa irinta ba ta ja-in-ja da ɗan fari, balle a bainar jama'a.

Aka kira mini bakanike. Ya ce mai ne ba ya zuwa, ya zuƙi tiyo har fetur ya cika masa baki. Ya kwance filogi huɗu ya goge, ya ce a sayo sababbi, aka sayo. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ba da tasa fatawar. Wani mai sayar da igiya ya rantse sammu ne. Ana haka ƙanwata ta sake zuwa, ta ce ga motocin Zango suna lodi, bari ta wuce da Inna, ni in biyo su. Na ce a'a, yanzun nan za ta tashi, ba zan bari a ce matar Malam ta shiga garinsu a kan acaɓa daga bakin titi ba. Wannan "yanzun nan" na faɗe ta ya fi sau goma. Mun gwada kiran ƙauyen, amma can sai an hau tudu ake samun sabis, sai na ɗauki shirun a matsayin lafiya.

Sai bayan azahar bakaniken ya sallama, ya ce wuta ce babu, a nemo mai wayarin. Wani dattijo ya zo da ƙwan fitila ƙarami mai jelar waya biyu, kayan aikinsa ke nan. Bai yi surutu ba. Ya taɓa batir, ƙwai ya kama. Ya taɓa bayan makulli, ya kama. Ya taɓa kwayil, tukunyar da ke ba filogi wuta, ƙwai ya yi duhu. Ya ce, "To, tsakanin nan da nan ta ɓata." Ya kama wata jar waya yana bin ta da yatsa kamar mai bin sawun akuya, ta bi ƙasan sitiyari, ta shige ƙarƙashin leda, ta ɓulla a kujerar Inna. Ya jawo kankanata waje. Ga wani ɗan makunni irin na fitilar ɗaki, an ɗaure shi da ƙyalle a jikin ƙarfen kujera.

Ya ce, "Maganin ɓarayi ne, tsofaffin direbobi ke yi. Kayanka ne suka danne shi. Ba wanda ya sani a gidanku?"

Ya danna, na murza, mota ta tashi tashi ɗaya. Na biya shi, muka kama hanya.

Daga Daura zuwa Zango ban ga komai a hanya ba, ko in ce na gani ban kula ba. Muka sauka daga kwalta muka bi burji mai taɓo. Da la'asar muka hango ƙauyen, kuma tun daga nesa na ga ayarin maza suna fitowa daga wajen gari, biyu suna ɗauke da makara, ba kowa a cikinta. Inna ma ta gani. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau ɗaya.

Ashe ana kiran azahar Kawu ya cika. Matarsa ta gaya wa Inna, ina daga bakin zaure ina ji, cewa tun safe ya sa aka juya shimfiɗarsa ta fuskanci ƙofa, duk ƙarar injin da ya ji sai ya ce, "Ku duba, ko ita ce." Da mun wuce tun lokacin da na gama sayayya a kasuwa, da sun yi rabin yini tare.

Inna ta zauna zaman makoki, bayan addu'ar uku muka juyo gida. Na san kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi, mutane ma sun yi ta gaya mini haka. Amma ba mutuwar Kawu ce ke hana ni sukuni ba, sallamar da na hana 'yan'uwa biyu ce. Abin da na koyo a tafiyar nan, jama'a, shi ne wanda ba ya iya ɗaga maka murya, maganarsa ɗaya ita ce goma, kuma tafiyar dubiya ba wurin nuna fenti ba ce. Ku sa Kawu a addu'a, Allah Ya jiƙansa.

Yau kwana tara da dawowarmu. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba, ta sa a kawo mini kunu. Ko a fuska ba ta nuna mini komai ba. Wallahi da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.