Dutsen da Ya Faɗo a Gayaunar Kakata

Duk sanda aka ƙyasta ashana kusa da ni, kakata nake tunawa. Ta ce haka ramin da dutsen ya faɗa yake wari.

Ƙauyenmu yana wajen Yusufari, ƙasar yashi, inda ko dutsen da za ka jefi akuya ba ka samu. Wata damina, gero ya kai gwiwa, ta dawo daga gayaunarta da hantsi, ta ƙunso wani baƙin dutse kamar kan taɓarya a gefen zaninta. Wai rugugi ta ji, alhali ko girgije babu a sama, ta ga ƙasa ta yi tsalle a bakin kunya, ta tona ta same shi.

Baffana, babban ɗanta, ya yi dariya har da buga cinya. Da la'asar kuma ya ɗauke hauyarta ya rataye a ɗakinsa.

"Iya, gigin tsufa ne. Noma ya ishe ki haka, yara za su karɓi gayaunar."

Ba ta yi kuka ba, amma kwana uku ba ta taɓa tuwo ba. Na tsani baffa a kwanakin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar kasuwar Gashuwa ta ja hannuna muka hau a-kori-kura. Baffa ya biyo mu, don kada a ce ya bar tsohuwa ta ɓata. Rumfar wani tsohon maƙeri ta nufa. Ya jinjina dutsen, ya sa magagari ya goge gefensa. Sai ga farin ƙarfe yana ƙyalli a ƙarƙashin baƙin.

"Iya, a yashinku kika samo wannan? Tun ina yaro nake ƙira, ban taɓa ganin irinsa ba. Ba tamar da ake narka ƙarfe da ita ba ce, ba kuma aikin hannun mutum ba ne."

Kaka ko kallon baffa ba ta yi ba. "Hauyata," kawai ta ce.

Yanzu ina koyar da kimiyya a Nguru. Nakan gaya wa ɗalibai akwai duwatsu birjik masu kewaya rana, wani lokaci ɓarɓashinsu ya faɗo mana. Nan take suke yarda, don sun gani a waya. Baffa kuwa ya tsufa, yana gidana, jikokinsa sun fara ƙunshe dariya idan ya soma labari. Ni kam ajiye aikina nake yi, in saurare shi har ya gama.