Ƙwaryar da Ke Haura Katanga

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu na unguwar Adjamé da gidan matar da muke kira Tanti, kuma katangar ba ta taɓa hana hayaƙi wucewa ba. Tanti burkutu take dafawa, wanda a nan ake ce wa capalo. Innata kuwa Hajiya ce mai rumfar atamfa a kasuwar Treichville, wadda ko turaren da aka ce akwai giya a ciki ba ta shafawa. Duk da haka, tun ina ƙarama, duk ranar da Tanti ta ɗora tukwane sai ƙwarya ta haura katangar nan ta sauka a hannun Inna.

Ba giya ba ce a ƙwaryar. Idan aka jiƙa dawa ta tsira, aka shanya, aka niƙa, aka dafa, aka tace, abin da ke fita ruwa ne ja mai kauri, ga zaƙi kamar an zuba zuma. Sai ya huce ake saka masa yisti. Inna ta daɗe da kai maganar gaban malamin unguwa, ya ce abin da ba ya bugarwa komai yawansa kunu ne, ko a tukunyar wa aka dafa shi. Sharaɗinta ɗaya ne: ya zo mata da zafinsa. Da na zama malamar kimiyya na tabbatar mata yisti ba ya rayuwa a zafin da ke ƙona leɓe. Ta saurare ni da fuskar wadda ake kwatanta wa hanyar gidansu.

Inna ba ta shiga gidan da maza ke zaman sha. Tanti ba ta shiga gidan da hajiyoyi ke zaman hira. Duk abotarsu a kan katangar take, cikin Julanci, yaren kasuwar garin nan, gwargwadon lokacin da ƙwarya ke ɗauka kafin ta ƙare.

Sai likita ya ce Inna tana da ciwon sukari. Ta bar sukari a shayi ba gardama. Ƙwaryar ce ta tsaya mata a rai.

"Ke 'yar lakwal," ta ce mini, yadda take kiran 'yan makarantar boko, tana tsaye jikin katanga, "duk karatun nan naki, ba yadda za a cire zaƙin a bar mini ruwan?"

Tanti ta leƙo tana dariya. "Akwai mai cirewa, Hajiya. Yana nan na shanya shi a kan buhu. Ba ya gajiya, ba ya zuwa salla."

"Allah ya shirye ki, tsohuwar banza."

Yisti Tanti take nufi. Na yi bayani yadda nake yi wa 'yan aji. Yisti sukari yake ci, ya mayar da shi iska da giya. Mai ƙarfi yakan cinye kusan duka, ragon ya bar saura, shi ya sa wani capalon ke da ɗan zaƙi, wani kuma babu. Akwai kuma sukarin da ya fi ƙarfin bakinsa, kuma yawansa ya danganta da zafin da aka ba ƙullun tun farko.

"To a ba shi zafin, mugun ya rasa abin ci," in ji Inna.

"Yisti ne ba ya iya cinsa, Inna. Jikinki yana iyawa sarai."

"A bari ya ci rabi, a kore shi."

"Nan ne likita da malam za su haɗu a kanki, kuma dukansu suna da gaskiya."

Ta bar jikin katangar ta koma ciki. Makon da ya biyo, hayaƙi ya wuce, ƙwarya ba ta biyo shi ba. Suka koma gaisuwar bakin titi irin ta mutanen da suka haɗu a layin mota. Inna tana dawowa daga kasuwa sai ta shige ɗaki, ni kaɗai take ba labarin masu sayen atamfa da a da Tanti ke saurara, wanda ban iya dariyarsa a inda ya dace ba.

Ni na shiga gidan Tanti, da mayafina, tsakanin benci biyu na mashaya da suka gyara zama kamar sufeto ya shigo aji. Na san bayan tatar farko tana sake zuba ruwan zafi a kan dusar, ta kuma zubawa, har zaƙin ya ƙare. Na zo da ma'aunin kaurin ruwa daga makaranta, wata 'yar kwalba doguwa da ke yawo a kan ruwa. A tatar farko ta ɗago kai sama kamar mai taƙama. A ta ƙarshe ta nutse kusan yadda take yi a ruwan famfo. Launin dawa yana nan, ƙamshin yana nan. Na tambayi likita ko Inna za ta iya shan tatar ƙarshen nan, ya ce ƙaramar ƙwarya, ba kullum ba, kuma a ci gaba da awon jini.

Ranar dahuwa ta gaba ƙwarya ta haura, ƙarama, tana tururi. Inna ta kurɓa ta yatsine fuska.

"Wannan ai ruwan wanke tukunya ne. Tun kafin a haifi yarinyar nan muke tare, abin da zan samu a hannunki ke nan?"

"Miƙo mini abina, Hajiya. Aladuna suna so."

"Wa ya ce miki ba na sha?" Inna ta janye ƙwaryar zuwa ƙirjinta, ta gyara tsayuwa. "Bari in ba ki labarin matar nan da ta dawo mini da turmi bayan ta kai wa tela."