Kara na biyu

Na fi shekara ashirin ina haƙa kabari a maƙabartar da ke bayan unguwarmu a Limawa. Boko ban yi ba, allo ma a izu biyu na tsaya, amma abin da diga ta koya mini ko likita ba zai musa ba.

Yadda muka tarar da aikin, in an yi rasuwa sai a ɗauko karan dawa a gwada tsawon mamaci, a karya, a aiko mana. Kara ɗaya. Ba a aiko faɗi, don ƙaramin ramin ciki, inda ake kwantar da mutum a gefensa na dama, taƙi guda da ɗan ƙari ya ishi kowa. Tsofaffin lokacin a gona suka ƙare, fura da tuwon dawa, ka ɗauki makara kamar ba kowa a kai. Sannu a hankali makara ta fara nauyi, masu ɗauka huɗu suka koma shida. Da in ka tambayi abin da ya kashe tsoho, sai a ce kwana ne ya ƙare. Yanzu sai suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, kamar a layi aka raba musu.

Wata rana aka kawo wani dattijo mai ritaya. Mun haƙa yadda muka saba. Aka sa shi, ya ƙi shiga. Aka ɗago shi aka ajiye a rana, mu muna faɗaɗa rami, jama'a kowa ya sunkuyar da kai. Itatuwan rufi ma suka yi gajarta, sai da aka tura a saro wasu. Tun daga ranar muka ce a riƙa aiko mana da kara na biyu.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka tsaya a wurin. Manomi ne a Aujara, har ɗansa ya samu aikin gwamnati ya ɗauko shi, wai ya zo Dutse ya huta. Hutun kuwa an yi shi. Da safe shayi da madarar gwangwani da burodi, da rana shinkafa tana iyo a mai, kowane baƙo ya zo gaisuwa da lemon kwalba. In ya taɓa tsintsiya sai jikoki su ƙwace. Cikin shekara uku Kawu ya daina ganin yatsun ƙafarsa, ga fitsari ba iyaka, ga ƙwayoyi safe da yamma.

Ɗan nasa taubashina ne, ba na jin nauyinsa. Na ce, "Yallaɓai, wannan kiwon da kake wa Kawu, layya za ka yi da shi?"

Ya ce, "Kai dai baƙin ciki kake. Mai tonon rami me ya sani game da kula da iyaye? So kake a ce ubana na noma ina da albashi?"

"Gara a ce yana noma da a ce ya ƙi shiga."

Wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Kawu ne ya aika a kira ni, ya ja ni cikin soro ya turo ƙofa. Ya ce, "Ɗan nan, mutuwa ba ta ba ni tsoro. Amma a ajiye ni a rana mutanen Aujara na kallo, wannan ban yarda ba. Gwada ni." Ya kwanta a tabarma ta gefen dama, na gwada daga baya zuwa cibiya, na karya kara. Ya karɓa ya daɗe yana juya shi.

"Duk wannan ni ne?"

"Har da ɗan ragi na yi maka, Kawu, don girmanka."

Damina na faɗuwa ya tattara buhunsa ya hau motar Aujara ba sallama. Ɗan ya bi shi da magiya, ya ce masa magani zai ci gaba da sha, amma kujera ya bar masa gado tun yana raye. Karan kuwa ni ya bar wa, ya ce ranar in haƙa da shi, kada in yarda da awon kowa.

Damina bakwai ya ƙara. Da ya rasu na tafi Aujara da digata, na haƙa da karan nan kamar yadda ya ce, ban ko dubi wanda suka aiko ba. Aka sa shi sai ga fili ya rage, har sai da muka tokare bayansa da hoge don kada ya juya daga alƙibla.

Taubashina na gefena, ya ƙara kauri, yana haki daga ɗan tattakin da muka yi. Bayan an watse ya ga ina shirin yar da karan, sai ya miƙo hannu. Ya ce, "Kawo nan."