Gwangwanin da Aka Hana Toka

Wata Litinin ce, a kakar shekarar da nake aji biyar na firamare, na ɗaga hannu a darasin kimiyya na ce toka tana hana wake yin ƙwari, Dada ce ta faɗa. Dada mahaifiyata ce, kuma a gidanmu na unguwar Shamaki idan ta yi magana an gama. Malamarmu Misis Nwosu, wata doguwar mata da Hausarta ta fi ta wasunmu, ta ajiye alli ta tambaye ni yadda Dada ta sani. Na ce haka ta taso ta gani. Aji ya kwashe da dariya, wani daga baya ya ce kimiyyar murhu ke nan. Wallahi na ji zafi, ba don kaina ba, don Dada. Malama ta tsawatar musu, ta ce ita ba ta ƙaryata kowa ba, amma sai an gwada. In samo gwangwani biyu iri ɗaya, in ɗebi wake daga buhu ɗaya, in zuba wa ɗaya toka, ɗayan in bar shi haka nan. "Wanda kika bari, shi ne shaidarki," in ji ta.

Wake kuwa ba abin wasa ba ne a gidanmu. Abin da babanmu ya kawo daga gonarsa ta bayan gari shi za mu ci har damina. Mu yara mu ke sheƙewa a faifai, mu tsince tsakuwa, mu tankaɗe tokar murhu har idanunmu su yi ja, sannan a aike mu layin famfo da bokiti. Sai da na yi ta magiya kafin Dada ta auna mini rabin kwano, tana mita. Na raba shi a gwangwanayen madara, na ɗaure bakinsu da tsumma, na tura ƙarƙashin gadonta. Makonni ina zarya. Ana carafke a tsakar gida, ni ina durƙushe ina leƙen gwangwani, ina addu'ar ƙwari su cinye na hagun, wanda ban zuba wa toka ba, tas, don a san Dada ba ta faɗi banza ba.

Ranar da aka buɗe su a gaban aji, na kwance na daman, wake fes cikin toka. Na kwance na hagun, shi ma fes, shi ma cikin toka har wuya. Kai, ranar na so ƙasa ta tsage in shige. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce toka ba ta ci ba, ba ta kuma faɗi ba, abin da muka samu yau shi ne ba mu sani ba, sai a sake. Na koma gida ina kuka, na tarar da Dada tana gyaran shinkafa. Ko musu ba ta yi ba, ta ce tun washegarin ranar da na ajiye su ta zuba. "In zuba wa abinci ido ya lalace da gangan, Hajara? Me zan gaya wa Allah?" Ba ta sake ba ni ko ƙwara ɗaya ba, sunan 'Yar Toka kuma ya bi ni har na gama firamare.

Yanzu aikin binciken noma nake yi, kuma na gaji. Kowace damina mukan ware kunyoyin da ba za a sa wa magani ba, in tsaya ina kallon tsutsa tana cin ganye ina rubutawa, a ƙarshe sau da yawa a ce sai a sake. Na daɗe da gwada tokar da hannuna. Tana taimakawa, idan an zuba da yawa. Sai dai ba wanda zan gaya wa. Ajinmu ya watse, murhun gas ya shiga gidan, Dada ta rasu ba ta taɓa tambayata sakamakon ba. Idan na tsaya a bakin kunyoyin nan, hannuna har ƙaiƙayin zuba magani yake yi. Tambayar da Dada ta yi mini ranar nan ce har yau ban amsa ba.