Farin Zoɓon Inna Habi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaka da ɗura zoɓo a robobi kira ya shigo daga garin Sule Tankarkar: Inna Habi ta rasu bayan sallar asuba. Kafin in sami mota har an kai ta makwancinta.



Duk wanda ya taɓa sayen farin zoɓo a wurina a nan Gumel ya ce, "Malama, wai me kike sa wa abin nan?" to yau ga amsarku. Ba na sa komai. Inna Habi ce da gonarta.

Ba mu haɗa dangi ba. A kasuwa na fara ganinta, shekara tara ke nan, tana zaune da ƙwarya ɗaya ta farin zoɓo a tsakiyar masu buhunan ja. Na ɗiba na sinsina, na ce zai yi daɗi da filebon abarba. Sai ta janye ƙwaryarta.

"'Yar birni, in turare za ki zuba masa, je ki sayi na can. Nawa da ƙamshinsa ya zo."

Sati na zagayowa na bi ta gida a kan babur. Ta ba ni wanda ta jiƙa da ruwan randa, ba sukari, ba citta. Tsaminsa a hankali yake zuwa, ba ya kama maƙogwaro, kuma bayan ka haɗiye sai ka ji wani ƙamshi irin na ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Kofi uku na sha, kunya ta hana ni na huɗu.

Gonar ba abin kallo ba ce. Jigawa ce, farin rairayi, da gawo ɗaya inda shanun Fulani ke kwana bayan girbi. Ruwa kaɗan, rana kamar me. Na taɓa yin wayo na kai irinsa fadamar ƙanina a Gagarawa. Ya yi tsawo, ya yi 'ya'ya manya-manya, amma a baki lami. Da na gaya mata sai da ta yi dariya har da tari.

"Kin shayar da shi ya ƙoshi, me kuma zai ba ki? Shi sai a ƙasarmu, sai ya ji jiki."

Ban taɓa barin gidanta hannu rabbana ba. Ko kuka, ko daddawa, ko ƙwan zabi a ƙulle a tsumma. Da na haihu, ita da ba ta son hawa mota ta zo har Gumel, ta kwana biyu tana dama mini kunu.

Bara ƙafa ta hana ta fita gona. 'Ya'yanta suka shuka jan zoɓo daga wannan iyaka zuwa waccan, don shi masu saye a Maigatari ke nema. Ban ga laifinsu ba, iyali gare su. A lokacin ne ta miƙo mini wani ɗan gora an toshe bakinsa da tsumma. Gurguzu ne a ciki, wato irin farin zoɓon, cuɗe da toka.

"Shi ke nan wanda ya rage. A gidan nan za a haɗe mini shi da ja, ko a yi daddawa da shi. Ajiye mini, kar ki taɓa."

Na taɓa.

Ni mai tsabta, ni mai boko, na ga toka na ce datti ne. Na tankaɗe shi tas, na zuba a roba mai murfi, na ɗora a saman kabad, har ina jin na yi mata gwaninta. Kowace mace a ƙauyensu ta san toka ce ke hana ƙwari cin iri. Ni ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan. Tana kwance a tabarma, ta rame, amma fuskarta a sake. Babban ɗanta Sale ya yarda zai bar mata kusurwar gawo a damina mai zuwa. Ta riƙe hannuna.

"Ajiyata tana nan?"

"Tana nan, Inna."

"Da tokarta?"

 Na ce, "Da tokarta."

Na dawo gida na kasa buɗe robar, kullum sai in ce gobe. Yau da na ajiye waya na sauko da ita. Gari ne a ciki, ƙwari na yawo. Na zazzage a tire na bi ɗaya bayan ɗaya ina kuka. Ƙwaya bakwai na samu da ban ga huda a jikinsu ba.

Na kira Sale, ya ce ko ɗaya babu a gidan. Maƙwabta sun daina shuka fari tuntuni. Na san akwai farin zoɓo a wasu garuruwa, don Allah kar ku turo mini lambar masu sayarwa. Ba shi ba ne. Wannan daga hannun kakarta ya zo, kuma a hannuna ya ƙare.

Na mayar da bakwai ɗin cikin goranta, na ɗebo toka a murhu na zuba. Da damina zan kai su gindin gawo. Ban sa rai ba, gaskiya.

Allah ya jiƙan Inna Habi, ya sanyaya kabarinta kamar yadda ta sanyaya mana maƙoshi, ya shayar da ita daga tafkin Alkausara, ya ba 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya yi mata addu'a. In kun gama ku sa ni a ciki. Kalma biyu na gaya mata na ƙarya, ta yi murmushi ta saki hannuna, kuma ban koma na nemi gafararta ba.