Na lulluɓe batirin sola da bargona

Mai gyaran sola yana leƙa ɗakin ya tsaya turus. "Baba, wa ya lulluɓe batir da bargo?"

Na ce ni ne. Tunda sanyin nan ya shigo, kullum da asuba ina jona hita don ɗumama ruwan alwala sai abin ya hau kuka, ya ɗauke wuta. Gwiwoyina kuwa ba sa jure ruwan sanyi. Ban yi boko ba, amma na san duk abin da ke kuka da asuba sanyi yake ji.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai ranar hunturu ba ta da ƙarfi, batir ba ya cika, hita kuma ta fi ƙarfinsa. Wai in bari sai hantsi.

Na ce, "Ɗan nan, sallar asubar ma in bari sai hantsin?"

Ya ninke bargon ya miƙo mini.

Abin da ke cina, ranar da ɗana ya turo daga Abuja aka kafa abin nan, har kurfotina ya sa aka kyautar, wai zamanin gawayi ya wuce. Yau da gwiwar nan na ja ƙafa daga Badarawa zuwa kasuwar Kawo na sayo wani.

Batir dai ya samu hutu, ni na koma fifita garwashi. Jama'a, haka naku yake, ko ni kaɗai aka kawo wa rago?