Ranar da muka ciyar da masu tsinka yashi

Wautata ba ta ɓoyuwa, don haka gara in faɗe ta da bakina. Ni ne mutumin da ya haifi maza uku ya hana su kusantar murhu. In na ga ɗayansu ya tsuguna gefen uwarsa yana leƙen tukunya, sai in daka masa tsawa, in ce namiji da fartanya aka san shi. Lakkol ɗin da na yi, wato karatun boko, bai kai ya kawo ba, amma a wannan fanni ji nake ni babban malami ne.

Ina da gonar tattasai a bakin kogin Komadugu, can gaba da Diffa kaɗan. Tattasai in ya nuna ya yi ja, ba ya jiran kowa. A tsinke shi a shanya, ko ya yi taushi ya ruɓe a jikin itacensa. Mata ne ke tsinka, kuma al'adarmu mai gona shi ke ba su abincin rana. Gonar da tukunyarta ta fi daɗi, can suke sammako.

Wata shekara ana tsakiyar tsinka ƴarmu ta haihu a Maine-Soroa, uwar yaran ta tafi zaman jego. Ta ce in nemo mai dafa mana. Na ce burabusko da miyar banda har wani aiki ne? Ga ƙarti uku a gida, ƙaraminsu ma gemu ya fito masa.

Da safe muka kafa duwatsu ƙarƙashin itacen bedi. Babban ya zuba tsakin gero a tukunya yadda ya fito daga buhu. Ba wanda ya taɓa gaya mana ana rege shi a ƙwarya, yashi ya kwanta a ƙasa. Shekara da shekaru ina jin ƙarar ƙwaryar nan a tsakar gida, ni na ɗauka wanki ne kawai irin na mata masu son ɓata ruwa. Na tsakiyar ya kakkarya busasshen kifin Bosso ya watsa a miya, bai jiƙa shi a ruwan zafi ba, da ƙayarsa da tokarsa da duk abin da ya kwaso a hanya. Ni kuwa ina tsaye ina ba da umarni. In sun tambaye ni gishiri ya isa, sai in ce a ƙara, don kada su gane ban sani ba.

Shugabar matan wata tsohuwa ce Babarbariya da ke zaune a Assaga. Ni Bafillace ne, don haka akwai wasa tsakaninmu, ba ta raga mini. Ta kai loma, na ji ƙaras daga inda nake.

“Fulata,” ta ce, “gonar ka ce mu tsinke ko mu cinye ta?”

“Albarkar ƙasa ce, Iya. Ci ki ƙoshi.”

“Haƙorana da suka rage na jikokina ne, da su nake tauna musu dabino.”

Matan suka yi dariya, suka ture kwanukan, suka ƙarasa yinin da yunwa. Na yi ta faɗa da yaran har muka iso gida. Ƙaramin ya ce shi bai taɓa riƙe ludayi ba sai yau, na ce ya rufe mini baki. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Kashegari muka sake gwadawa. Wannan karon yaran sun wanke tsakin har ya jiƙe, ya fito kamar taɓon gini, yashin kuma yana nan daram. Rana ta uku na iso gona na hango zannuwan matan a gonar maƙwabcina. Ɗansa ne ke dafa musu, saurayi mai faɗin kafaɗa, yana juya ƙwarya kamar an haife shi da ita.

Mu huɗu muka shiga tsinka da kanmu. Kafin mu kai rabi, na gefen kogi ya narke, sai wari da ƙudaje. Na tsaya bakin shinge ina roƙon tsohuwar ta dawo mini da ko kaɗan daga cikin matan. Ba ta ko ɗago daga kwandonta ba.

“Fulata, ka yi ta roƙon Allah ka riga matarka tafiya. In ita ta riga ka, a haƙa rami biyar rana ɗaya a huta.”